Baƙon da Ya San Sunan Babanmu

Duk ranar da ruwan farko ya sauka a kan busasshen kashin shanu, sai in tsaya cak. Gadi nake yi a ƙofar wani sito a Idu, kuma har yau makiyaya suna ratsawa ta bayan layin dogo. Warin nan na rugarmu ne, tun gidajen bene ba su cinye dajin ba.

Ban yi boko ba. Abin da na sani na tsare sirri, a wurin kakata na koya, kuma ban koya da daɗi ba.

Babanmu ba ya haɗa garke wuri ɗaya. Rabi yana hannunsa, rabi yana hannun baffa da yayana a wani kwari mai nisa. In ɓarayi ko cuta sun ci ɗaya, ɗaya ya tsira. Inda baffa yake kuwa, mutum uku ne suka sani: baba, kaka, sai ni, don ni nake kai musu gari. Ko innarmu ba a gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Wata rana da hantsi, a farkon damina, maza duk sun fita, sai ga baƙo da sallama. Rigarsa fes, muryarsa a sanyaye. Ya kira sunan baba. Ya ambaci farar saniyarmu mai karyayyen ƙaho. Sannan ya juya wurin kaka, mahaifiyar baba.

"Inna, ɗanki ya faɗi a bakin rafi, zazzaɓi ya kayar da shi. Ya ce in yi maza in kira ƙanensa. A ina yake kiwo?"

Innarmu ta saki ƙwarya ta fara kuka. Ni kuwa har na buɗe baki. Kaka ta ɗora hannu a ƙeyata, ta matse.

"Sannu da wahala, ɗan nan. Zauna ka sha fura."

"Ba lokaci, Inna. Maganar rai ce."

"Ran ɗana ne, ba naka ba. Zauna."

Ya zauna, amma idonsa na bakin daji. Na bi idon. Tsuntsaye sun tashi daga wani kurmi inda ba mu da dabba. Ba shi kaɗai ya zo ba.

Kaka tana dama fura a hankali, ludayi na ƙwanƙwasa ƙwarya. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ƙafar da ya ɗaure jiya fa, kumburin ya sace?"

"Da sauƙi, sai ɗan ɗingishi."

Ƙafar baba lafiyarta lau. Ni na riƙe masa takalmi da asuba.

Fuskar kaka ba ta sauya ba. Ta nuna masa wani dutse a gabas, inda babu kowa sai birai. Ya tashi bai taɓa furar ba. Yana ɓacewa ta dubi innarmu. "Share hawayenki. Je ki ga mijinki da idonki." Ni kuma ta ce in bi ta cikin rafi, kada in bar sawu, in ce wa baffa ya tashi yanzu. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Innarmu ta tarar da baba a tsaye cikin shanunsa. Kafin magariba garke biyun sun sake wuri.

Washegari kaka ta tambaye ni wa ya san zancen farar saniya. Na faɗi gaskiya. Ran kasuwa wani ya saya mini rake, ya tambayi ɗan waye ni, ya yabi shanunmu, ni kuma na yi ta zuba. Ba ta doke ni ba. Ta karɓe kai gari daga hannuna, kuma har damina ta wuce ba a gaya mini sabon wurin baffa ba. Da bulala ce, da na fi so.

Yanzu baƙon ta waya yake zuwa. Zai kira sunanka daidai, ya ce daga banki yake, za a rufe maka asusu, ka karanto masa lambar da ta shigo maka, maza-maza. Ka ji ni da kyau. Sanin sunanka ba shaida ba ne. Mai hana ka tunani ba alherinka yake nema ba. Ni kashe wayar nake yi, in taka zuwa bankin da ƙafata. Lambar sirrin katina daban, ta wayata daban, kamar garken baba. In na ga alamar wani ya leƙa, a ranar nake sa a sake mini ita.

'Yata tana yi mini dariya. Ta sa hoton ɗanta a waya, da rigar makarantarsa, da ƙofar gidansu, ga duk mai son gani. Na yi magana, ta ce, "Baba, ai kowa haka yake yi." Kakata ta ga fuskar baƙonta, ta auna shi yana zaune a gabanta. Na yanzu ba mai ganin fuskarsa.

Jiya na sake roƙonta ta cire hoton yaron. Ta ce za ta cire. Ban iya karatu ba, ba ni da yadda zan duba.