Abin da Na Goge da Hannuna

Ni mace ce mai tsabta, kuma ban taɓa jin nauyin faɗin haka ba sai bayan daminar da zan ba da labarinta. Na koyar a firamare har na yi ritaya, yaran Samaru da suka bi ta ajina sun san ni da duba farce da bayan kunne. Da maigidana ya rasu, ɗaki da falon da ke bayan gidanmu suka zauna babu kowa. Ɗana da ke aiki a Kaduna ya ce in gyara su, ya ɗauki hotuna ya ɗora a wata manhajar waya inda baƙi ke neman masauki na kwana biyu ko uku. Iyayen ɗalibai suka fara zuwa lokacin bikin yaye, da malamai masu duba jarrabawa, da masu jinya a babban asibiti. In baƙo ya tafi yakan rubuta ra'ayinsa ya ba da taurari, ɗana ya karanto mini ta waya. Kusan kowa tsabtar wurin yake yabawa, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Ba na barin kowa ya taya ni gyaran. Da banɗaki nake farawa, daga sama in gangaro ƙasa, da soso da ruwan bilic, hannuna na tafiya shi kaɗai ina waƙar zumuntar matan cocinmu. Sannan in yaye zanen gado, in kaɗe katifa, in goge tayil. Kafin awa biyu da tafiyar baƙo, ko ƙamshin turarensa ba za ka ji ba. Na ga masu zubar da miya a katifa, na ga masu toshe masai, duk na iya da su.

Wata Alhamis da la'asar, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar gida. Namiji ya fito, zai kai shekara arba'in, da farar shadda da ƙamshi mai hawa kai. A bayansa wata budurwa ta fito, ba yarinya ƙarama ba, ta haura ashirin. Ta ɗaura ɗankwalin atamfar zumuntar matan coci, irin wanda uwa kan yanka wa 'yarta daga ragowar zane. Ta rusuna ta ce, "Sannu Mama."

"Sannu 'yata, daga ina?"

Shi ya amsa. "Ƙanwata ce, madam. Ba ta da lafiya, likita muka zo gani."

Babu jaka a hannunta, babu waya. Shi kuwa wayoyi biyu ne a hannunsa, ga ta uku mai jan murfi da 'yan duwatsu masu ƙyalli tana leƙowa daga aljihunsa na gaba. Tun a wannan lokacin zuciyata ta gaya mini cewa yarinyar nan ba da son ranta take tare da shi ba, kuma in akwai mai taimakonta a gidan nan, to ni ce.

Ina buɗe musu ƙofa ya zaro farin hankici, ya miƙa hannu ya shafa saman fikafikan fanka, ya kawo mini har gaban hanci. Ɗan dishi-dishi ne, wanda sai ka ƙura ido.

"Madam, wannan ce tsabtar da ake ta yabo? Wannan ai ƙazanta ce."

Ni ce aka kira ƙazama, a gidana, a gaban baƙuwa! Kunnuwana suka ɗau zafi. Ya ɗaga matashi ya sunsuna, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ce tawul ɗina na warin ruma, alhali da safen nan na ɗebo su daga igiya. Daga nan ya ce tunda haka ne kada wanda ya shigo musu, shi zai riƙa shara da kansa, in kuwa na matsa zai rubuta abin da ya gani kowa ya karanta. Na ce masa ko ya roƙe ni ba zan taka ba. Na juya na tafi ina huci, tunanin yarinyar ya koma can ƙasan zuciyata, hankicin ya hau sama.

Duk da haka na tuƙa tuwon masara da miyar kuɓewa na kai musu, don ban taɓa barin baƙo ya kwana a gidana ranar farko bai ci abincina ba. Ya buɗe ƙofa kaɗan, ya ɗaga murfin kwanon da yatsu biyu, ya mayar. Ya ce ba sa cin abincin da ba su ga inda aka dafa ba. Ta bayan kafaɗarsa na hango ta zaune a ƙasa, ta jingina da bango, ga kujeru babu kowa a kai.

Ranar Juma'a da hantsi na ji motar ta fita. Na zagaya baya in kwashe shanya don hadari ya haɗo, sai na ga kwaɗo a ƙofar masaukin. Ba nawa ba ne. Sabo ne dal, an maƙala shi ta waje. Tagogin kuma duk da ƙarfe, ni na sa aka yi su saboda ɓarayi. Na tsaya da kayan shanya a hannu.

Na matsa kusa da taga na ce, "'Yata, kina ciki?"

Can labule ya ɗan motsa. "Ina ciki, Mama."

"Lafiya aka kulle ki?"

"Lafiya lau. Ya ce saboda tsaro ne."

Muryar ba ta masu ciwo ba ce, ta mai tsoro ce. Da na tambaye ta sunan mahaifiyarta a lokacin, ko na ɗauko taɓarya na fasa kwaɗon, da yau wani labarin nake bayarwa. Amma ita ta riga ni magana, a hankali, kamar mai gudun bango ya ji.

"Mama, in mun tafi, ke kike wanke banɗaki da kanki?"

Ban san me ya shiga kaina ba. Ko kuma na sani: hankicin nan ne. Na ɗauka ita ma ƙorafin tsabta za ta yi mini, an aiko ta ta ƙarasa abin da yayan nata ya fara.

"Ni nake wankewa," na ce da ƙarfi. "In bai yi muku ba, ga otal-otal nan cike da gari."

Ta ce, "To, Mama." Labulen ya koma yadda yake. Ana haka na ji ƙarar motar a ƙofar gida, yayyafi ya fara, na wuce da shanyata. Ya gan ni ina fitowa daga lungun, ya tsaya ya bi ni da ido har na shige. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na ɗauki waya in kira ɗana har sau biyu ina ajiyewa. Me zan ce masa? Baƙo ya sa kwaɗo? Zai ce in bar mutane da harkarsu, kada a ɓata mana suna a manhaja. Na ce wa kaina gobe da safe zan san dabarar da zan keɓe da ita.

Da safen Asabar ina shara a tsakar gida suka fito, kwana ɗaya kafin ranar da ya ce za su tafi. Ya ajiye mini makulli a kan dakali, bai ba ni a hannu ba. Shararsu ma ya ƙulle a baƙar leda ya jefa a but ɗin motarsa. Ita ta tsaya a gabana ta rusuna, ta dube ni ido cikin ido, ta daɗe, har sai da ya dafa kafaɗarta ya tura ta gaba. Na bi su da kallo, amma abin da idona ya tsaya a kai shi ne taɓon da tayoyinsa suka kwaɓa mini a bakin ƙofa.

Na shiga masaukin da bokiti da niyyar in kankare mutumin nan daga gidana. Falon fes, ɗakin fes, ko silin gashi bai bari ba. Wannan ya ƙara ƙular da ni. Na faɗa banɗaki na fara daga sama yadda na saba, ina dirza ina mita, ina tsara amsoshin da ya kamata in ba shi tun ranar Alhamis. Na gangaro, na janyo ƙofa don in wanke bayanta. Can ƙasa, dab da daɓe, na ga baƙi-baƙi a jikin farin tayil. Na ce a raina ga mai tsabtar nan, ya bar mini datti. Soso ya wuce sau ɗaya, ya dawo.

Sai da ya dawo idona ya gane cewa rubutu ne. Da jagira aka yi shi, ƙanana-ƙanana, layi biyu. A na sama na ga “Mamana” yana narkewa cikin kumfa. Na ƙasa lambar waya ce, saura lambobi uku na farko, irin waɗanda rabin mutanen ƙasar nan ke da su. Sauran sun zama baƙin ruwa suna gangarawa magudana.

Na saki soson na zauna a jiƙaƙƙen daɓen. Na haska da fitilar waya, na karkata kai ta nan na karkata ta can, na hura iskar baki a kan tayil ɗin ko sawun zai fito. Babu komai. Ni na wanke shi, kuma wankina ba ya barin sawu. Na yi kuka a wurin kamar ranar da aka binne maigidana.

Ɗana ya kira lambar baƙon, a kashe. Ya duba manhajar, ya ce sunan da alama na ƙarya ne. Na je wurin 'yan sanda, wani ya biyo ni ya duba. Ya tambaye ni lambar mota, na ce ban duba ba. Ya zagaya ɗakin ya ce, "Mama, ai babu abin gani a nan, wurin ƙal yake." Ya rubuta abin da na faɗa ya tafi.

Abu ɗaya ya rage mini, ɗankwalin nan. Na san atamfar, ta zumuntar wasu coci-coci ce na Sabon Gari, sukan haɗu wuri ɗaya ranar Talata ta ƙarshen wata. Na jira ranar, na shiga bas daga Samaru, na sauka kusa da kasuwa na ƙarasa da ƙafa ina tsallake kwatoci. Mata sun cika majami'ar da ake taron, kowa da irin ɗankwalin. Bayan waƙa da addu'a shugabarsu ta ba ni izini. Na tsaya a gaba na faɗi komai, ban rage ba. Na ce in akwai wadda 'yarta ta bi wani mutum ba a sake jin ɗuriyarta ba, ta taimake ni ta tashi.

Na yi zaton mutum ɗaya za ta tashi, ko babu. Uku suka tashi. Ɗaya daga Jushi, ɗaya matar soja daga Basawa, ɗaya mai sayar da busasshen kifi a kasuwa. Dukkansu labarin ɗaya ne: an yi wa yarinya alkawarin aiki a wani gari, ta tafi, waya ta daina shiga.

Suka kewaye ni a bakin ƙofa. Doguwa ce? Tana da wushirya? Akwai tabo a haɓarta? Na ce baƙa ce, matsakaiciya. Kowacce ta ce tata ma haka take. Kwana biyu yarinyar ta yi a gidana, amma na fi sanin kalar hankicin mutumin nan fiye da fuskarta.

Ta Jushi ita ce babba a cikinsu, kanta duk furfura. Ta kama hannuwana biyu ta riƙe gam.

"Mama, bari in karanto miki lamba na. In kin ji za ki tuna. Yarinya na ta haddace shi tun tana ƙarama."

Ta fara, ɗaya bayan ɗaya, tana kallon bakina. Ukun farko suka yi daidai, na gyaɗa kai, fuskarta ta buɗe. Ta ci gaba har ƙarshe. Sauran biyun suna jiran nasu layin, leɓunansu na motsi.

Na ce, "Ki yafe mini. Ban karanta sauran ba. Na goge kafin in karanta."

Ba ta saki hannuna ba. Ta ce, "Ba komai, ki natsu. Bari in sake a hankali." Ta koma ta fara daga farko.