Yadda Na Koyar da Surukina Ba Tare da Na Koya Masa Ba

Akwai abin da ya same ni a wurin aiki wanda ko na tsufa na rasa haƙora ba na jin zai fita daga raina. Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, wani lokaci kuma idona ya ciko.

A lokacin ina aiki da wani furoje, wato shirin tallafi, a Birnin Konni, mai taimaka wa manoma wajen adana wake da hatsi don kada ƙwari su cinye musu wahalar damina. Ma'aikatanmu kan hau babur su shiga ƙauyukan Tsarnawa da Alela, wasu har Malbaza da Illela, su dawo su zauna rubuta rahoto da Faransanci. Wannan rubutu shi ne ciwon kan kowa. Sai masu ba mu tallafi suka ce a fara amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar nan ta cikin salula, wayar hannu ke nan, da za ka yi mata bayani da baki, ita kuma ta tsara maka shi a rubuce, kai kuma ka duba ka gyara. Ni aka tura Tawa na koyo, aka ce in dawo in koya wa sauran.

Na dawo ina jin kaina, har tafiyata ta canza. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, babban dattijon ma'aikatanmu surukina ne, mahaifin matata. Bagobiri ne mai tsagen fuska da yawan raha, amma ba da ni ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa ko a mafarki. A buro, wato ofishinmu, in na hango shi ta wannan ƙofa sai in durƙusa in gaishe shi, in sulale ta waccan. Haka muka yi shekaru lafiya lau, don aikinmu bai taɓa haɗa mu wuri ɗaya ba.

Ranar horon farko aka jera kujeru, Baba, surukin nawa, ya zauna a sahun gaba kamar yadda girmansa ya ba shi. Na miƙe zan fara, sai na ga ai a tsaye nake a kansa. Na ja kujera na zauna, na ga kuma muna fuskantar juna. Ƙarshenta dai bango na yi wa darasin. Da aka zo gwaji, kowa ya riƙe salularsa, Baba ya danna wurin da ba shi ba, sai ga hoton fuskarsa ya cika gilashin. Ya juyo da ita wajena ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Haka na?"

Me zan ce? Na sunkuyar da kai na ce, "Haka na, Baba."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya. Baba ya sa salularsa a aljihu, ya ce ya tuna manoma na jiransa a Alela, ya fita. Bai sake zuwa horon ba. Kullum sai ka ji babur ɗinsa ya tashi daidai lokacin da ake jera kujeru.

Daraktanmu mutumin kirki ne, amma shi ma a matse yake. Ya kira ni ya ce bayan girbi za a yi taro, kowa zai nuna a gaban jama'a cewa ya iya, kuma wanda bai iya ba masu tallafi ba za su yarda a sabunta masa aiki ba. Na ce masa ai Baba surukina ne. Ya ce ya sani, shi ya sa ma ya kamata in fi dagewa a kansa. Na fito ina jin kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. Da na gaya wa matata, sai ta ajiye muciya ta dube ni. "In anka sallami Baba ta dalilin aikin da kai kak kawo, da wane ido za ka shiga gidanmu?"

Gaskiya na tsorata. Mutumin nan ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai takardar lakwal, wato shaidar karatun boko. Ga shi yanzu abin da na ɗauko da murna zai raba shi da aikin da ya ba da ƙuruciyarsa a kai. Kuma ba wai ba zai iya ba ne. Faransancinsa ya fi nawa daɗi. Kawai dai ba zai zauna mijin 'yarsa yana ce masa "ba nan ba" a gaban yara ba, ni kuma bakina ba zai iya faɗa ba.

Wadda ta fitar da ni ita ce Hajiya mai kula da rumbun ajiyarmu, Bazabarmiya da aka turo daga yamma tun da daɗewa, sa'ar Baba ce ko ta ɗan girme shi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa. Ita kaɗai ce a duk buron za ta ƙwace masa hula a gaban darakta ya yi dariya. Ta same ni na yi tagumi, ta ce, "Kai yaro, ka cika wauta. Koya mini, ka bar ni da bawana."

Haka muka yi. Bayan azahar in zauna da Hajiya cikin rumbu in nuna mata abu guda, ba biyu ba. Da la'asar ita kuma sai ta nufi gindin dogon yaro inda Baba ke shan shayi. Ni kuwa in laɓe bayan taga kamar ɓarawon kaza.

Ranar farko ta zauna kusa da shi tana yi wa salularta magana da ƙarfi, har abin ya karanto mata abin da ta faɗa a tsare. Ta ce, "Ka ji ko? Wannan ba aikin Bagobiri ba ne. Ku kam ku tsaya ga tsaga fuska."

Baba ya ajiye kofi. "Ke tahi can! Abin da Bazabarmiya ta iya, ko akuyata ta iya shi. Miƙo nan."

Ya karɓa, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Sai da ya yi wa manhajar sallama, ya tambaye ta gajiya da aiki da mutanen gida, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta amsa masa cikin ladabi. Ya juya ya dubi Hajiya ya ce, "Wanga abu ya hi ki tarbiyya." Na toshe bakina da hannu don kada a ji ni.

Daga nan abu ya kankama. In ya yi kuskure Hajiya ta yi masa tas, shi ma ya rama, a yi dariya, a gyara. Kuskuren da in ni na faɗa zai zama abin kunya, a bakinta ya zama abin wasa. Wata rana ya yi mata tambayar da ba ta sani ba, kan yadda zai hana manhajar lalata sunayen ƙauyuka, don ta kan rubuta su yadda ta ga dama. Hajiya ta ce fitsari ya matse ta, ta zagayo bayan taga ta tambaye ni, ta koma ta ba shi amsa tana hura hanci. Ba a jima ba sauran dattawan da su ma suke noƙewa suka fara jan kujera zuwa gindin dogon yaro. Ajin da na kasa cikawa a ɗaki ya cika a waje, ba kuma ni ke gaba ba.

Ranar taro na zauna can baya. Da aka zo kan Baba ya miƙe, ya yi wa salularsa bayanin ziyarar da ya kai Tsarnawa, na buhunan wake da yadda aka ɗaure su. Ta tsara, ya karanta a nutse, ya tsaya wuri guda ya ce ta ƙara abin da shi bai faɗa ba, ya sa ta cire. Darakta ya fara tafi, kowa ya ɗauka. Hajiya ta rangaɗa guɗa tana cewa a shaida bawanta ya yi hankali. Ni dai na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Da aka watse na je na durƙusa gefensa kamar kullum, na ce Allah ya ƙara girma. Bai dube ni ba. Hajiya ya duba, ya ce da muryar da ni ma zan ji, "Ki gaya ma mai laɓewa bayan taga, hulatai na leƙowa ta sama. Ki ce mai na gode. Allah shi yi mai albarka, yadda yar ruhe min asiri Allah shi ruhe nashi."

Ashe tun ranar farko ya sani. Ya bar ni a bayan taga ne don kada ɗayanmu ya ji kunya.

Tun daga lokacin an sha tura ni wurare in koya wa ma'aikata irin waɗannan manhajoji, kuma ban ƙara cewa wani ya ƙi sabon abu don taurin kai ba. Yawanci ba na'urar mutum ke tsoro ba, idon da zai gan shi yana kuskure yake tsoro. Kafin in buɗe salula, sai na fara tambayar kaina a gaban wa wannan mutum zai iya yin kuskure ya yi dariya. In na samo wannan, koyarwar ba ta da wuya.