Abin da Kawu Direba Ya Tsinta a Jarkar Fetur

Shekara talatin da huɗu kawuna ya yi yana tuƙin motar haya, har unguwa ta manta sunansa, kowa Direba yake ce masa. Da idonsa ya yi rauni sai ya ajiye tuƙi, ya koma neman abin gyarawa a gida. Ya gyara famfo, ya kwance ƙofar ɗakin girki wadda ba abin da ya same ta.

Wata Asabar ya jawo tsohuwar jarkarsa ta ƙarfe daga bayan ɗaki. Duk ta yi tsatsa, murfin ma sai da guduma ya buɗu.

Matarsa ta toshe hanci ta ce, "Malam, wannan ai ta mai gwangwan ce."

Ya ce, "Ƙarfen zamanin da ne. Irinta ta ƙare a kasuwa."

Ya tsiyaye guntun man da ya koma kamar kunu a cikin gwangwani, ya zuba tsakuwa da ɗan kananzir a jarkar, ya rungume ta yana girgizawa har kajin maƙwabta suka watse. Da ya juye, sai ga makulli ya faɗo cikin tsakuwar, baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kallonsa.

Makullin motarsa ta farko ne. Ranar da ya ɓata, suna kan hanya shi da ƙanensa, lokacin suna karɓa-karɓar tuƙi. Ya ɗora wa ƙanen laifi a gaban fasinjoji, shi kuwa ya yi zuciya ya bar mota, ya koyi ɗinki.

Ko hannu Kawu bai wanke ba ya nufi shagon ɗinkin ƙanen nasa. Ya ajiye makullin a kan keke ya ce, "Ka yafe mini. Ashe ni na jefa shi a jarka."

Tela ya ɗaga tabarau, ya duba, sai ya fashe da dariya.

"Yaya, ni na jefa shi. Ina zuba mai ya suɓuce mini. Tsoron bakinka ne ya hana ni faɗa."

"Shekara ashirin da shida?"

"To, ai har yanzu bakin yana nan."

Kawu ya nemi ya yi fushi, abin ya ƙi. Ya zauna a benci, ya ce tunda haka ne a rage masa tsawon wandonsa, kuma yau yake so.