Gishiri Ba Ya Shiga Shi Kaɗai

Har yau ban manta da bakin kwanon nan ba. Wata safiyar damina ce, a shekarata ta farko a ƙaramin asibitin wani ƙauye na ƙasar Doguwa. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya, wato matakin ƙasa cikin masu duba marasa lafiya inda babu likita. Na ɓoye littafin soyayya a cinyata ina karantawa, sai wata tsohuwa ta dire kwanon sha a gabana, bakinsa ya yi fari fat da busasshen gishiri. Surukarta na bayanta, goye da yaro.

Sunan tsohuwar Iya Tabawa. Jikanta Sabo, wanda ko yaye bai kai ba, gudawa ce ta kama shi. Maɗigarsa ta faɗa, yana kuka ba hawaye.

"Na ba shi ruwan gishirin da kuke faɗa a rediyo, har ƙari na yi," in ji ta. "Sukarin ne dai na cire. Wa ke ba mai zawo zaƙi, 'yar nan?"

Shugabanmu, Malam Habu, ya duba yaron. Ƙa'idar aiki ita ce, in yaro yana iya haɗiya a ba shi ruwan gishiri da sukari ta baki, in ba ya iyawa a tura shi babban asibiti a Tudun Wada a ƙara masa ruwa. To ranar rafi ya kawo, ba motar da ke tsallakawa.

"Yana haɗiya," ya ce. "Binta, haɗa masa gishiri da sukari na leda, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali."

Na haɗa. Iya ta ɗanɗana, ta ji zaƙi, ta kife tafin hannunta a bakin kofin. Uwar yaron ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ba ta da bakin magana a kansa gaban surukarta.

Na durƙusa na ce, "Iya, in kin barbaɗa wa fatar layya gishiri, me kike gani?"

"Ruwa ya tsattsafo, ta bushe."

"Haka cikin Sabo yake. Jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kuma ruwa yana bin gishiri duk inda ya fi yawa. Gishirin da kika ba shi ya yi yawa, ya tsaya a hanji, yana janyo ruwan jikinsa waje."

Hannunta bai motsa ba. Nan ne littattafan nan nawa suka yi mini rana.

"Iya, ango yana shiga ɗakin amarya shi kaɗai?"

"Sai mara kunya. Da abokinsa yake zuwa."

"To a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗe wa gishiri sai ta gan shi da sukari. Su shiga tare, ruwa ya biyo bayansu kamar 'yan rakiya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuwa an kai ki ɗakin, ko duk a takarda ne?"

Malam Habu ya tuntsire da dariya. Ita kuwa ta ɗage hannu, ta karɓi cokalin da kanta. "Buɗe baki, mai gidana, ga abokin ango."

Muka yi ta ba shi, uwar tana haɗawa da nono. Wajen la'asar ya tsula fitsari a zanin Iya, ya kuma yi kuka da hawaye. Ban taɓa ganin hawayen da ya yi mini kyau kamar wannan ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani mutanenmu da ƙauna suke yin kuskure. Gaskiyar da kuka karanto ma gishiri ce, in kun miƙa ta ita kaɗai a bakin ƙofa za ta tsaya. Ku nemo mata abokin tafiya daga abin da suka sani.

Bara na haɗu da Sabo a kasuwar Tudun Wada, ya zama saurayi, yana sayar da rake. Ya ce Iya ta rasu ba ta taɓa yarda an sa mata sukari a koko ba. Amma ledar nan ba ta yanke a ɗakinta ba, kuma duk yaron da zawo ya kama a unguwar, ita ke zuwa da cokalinta.