Tafiyar Ummi Kulsum

A duk ƙasar Roni ba a taɓa yin gwanin zanen hoto mai motsi kamar Malam Kashim ba. Ba a dai taɓa yin wani ba ma.

Sana'arsa zana taswira a bangon makarantun firamare. Da matarsa Ummi Kulsum ta rasu, ya tarar ba ta bar hoto ko ɗaya ba, sai ya ɗauki fensir. Shekara shida yana zana ta a takarda ɗari uku. In ya karkaɗa su da babban yatsa, sai ta ratsa tsakar gida da buta a hannu, tana jan ƙafar hagu yadda shan inna ya bar ta.

Da idonsa ya fara yin yana, ya kai takardun wa Musaddiƙ, mai shagon kwamfuta a Kazaure, don a adana ta. Bayan mako biyu ya koma. Matar da ya gani a kwamfutar ta sha launi, tana tafiya sumul.

"Baba, har ƙafar na gyara maka," in ji Musaddiƙ. "Hannunka ya ɗan karkace a wurin."

"Ɗan nan, ba hannuna ba ne, haka take tafiya. Ba ni takarduna."

Musaddiƙ ya sosa ƙeya, ya ce tunda aiki ya shiga kwamfuta bai ga amfaninsu ba. Mai tsiren ƙofar shagon ne ya karɓa, ya naɗe nama da su.