Katin da Na Kai wa Kaka Asibiti

Kakata ba ta yin tatsuniya da rana. Ta ce yaron da aka yi wa, ɓata yake yi a hanya. Shi ya sa nake son hunturun Landan: ƙarfe huɗu duhu ya yi, ina dawowa daga makaranta za ta jawo hita kusa da ƙafafunta a falonmu na Plumstead, ta buɗe gwangwanin biskit.

Tsofaffin katunan gidan waya ne a ciki, masu zanen ban dariya, waɗanda marigayi kakana ya riƙa aiko mata Kano lokacin da yake karatu a nan. Ba ta karanta Turanci. Hoton kawai take kallo, labari ya zo.

Na fi tuna na wani ƙaton Bature bisa jaki a bakin teku. Ta ce teku ce ta yi fushi ta janye, shi kuwa ya rantse sai ya kamo ta. Ya yi ta dukan jaki, jaki ya ƙi motsi, don ya san za ta dawo da kanta.

"Maigidana, ka ji? Haƙuri," in ji ta, cikin tsokanar jika. Ni kuwa da Turanci nake amsawa, can ƙasa-ƙasa.

Ina shekara goma sha biyar aka kwantar da ita a asibiti a Camberwell, tsakiyar watan Yuni. Na sayi wani kati a teburin masu sayar da tsofaffin kaya, kusa da Charing Cross: agwagwa riƙe da lema tana jiran jirgin ƙasa. Na kai mata. Ta daɗe tana dubansa, bakinta har ya fara motsi, sai ta kalli taga.

"Rana ba ta faɗi ba."

Ƙarfe takwas ake sallamar masu dubiya, rana kuwa sai wajen tara da rabi. Na tashi na ja labule.

"Ni za ka yi wa wayo? A garin nan zan sa ka ɓata?"

Kwana tara ina zuwa, kullum da haske nake fita. Ban iya roƙon nas ta bar ni har duhu ya yi ba. Kunya ta hana ni.

Na yi haƙurin, amma ita ba ta kai hunturu ba.

Yanzu ina jami'a, ina tara irin katunan, kowanne cikin ledarsa, da shekararsa a rubuce. Na agwagwar na san inda aka buga shi. Inda agwagwar za ta ne ban sani ba.