Sunan Hajiya Kande a bakin mahaifiyarta

A duk shekarun da na yi ina gyaran injuna a Jidda, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda Hajiya Kande ta kawo akwatin maganarta shagonmu a unguwar Hindawiyya. A shekarun sittin ne, lokacin da ƙaramin rediyo ya cika gari, kowa yana jefar da garmaho. Ni ne mai aikin ƙarfe a shagon, Mu'allim Isa kuma shi ne mai shago, shi ke karɓar aiki ya raba mana.

Yaran yanzu ba su san irin wannan akwati ba. Ya girmi garmaho, kuma ba faifai yake ci ba, wani gwangwani ne na kaki, irin na kyandir, ake zura masa. Allura na bin jikin gwangwanin, murya na fita ta ƙaho. Abin da ke tura allurar gaba a hankali shi ne wata doguwar sanda mai zare kamar na sukuru, da wani ɗan rabin noti da ke hawa kanta. In haƙoran notin suka cinye, allura sai ta tsaya wuri ɗaya tana kankare kakin.

Hajiya ta haura sittin, Bahaushiyar Sudan ce, mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ta ce wani attajiri da mahaifinta ya yi wa aiki a garin Sawakin na Sudan ne ya ba shi akwatin, da shi kuma aka ɗauki muryar mahaifiyarta tana waƙar reno.

"Ni ce 'yar fari," in ji ta. "Har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa kama sunana ba, kunya. Daga 'ke' sai 'yarinyar nan'. Kande ma laƙabi ne da dangi suka sa mini. Amma gwaggona ta rantse mini a ƙarshen waƙar ta faɗe shi. Tun ina ƙarama akwatin nan a tsakiya yake tsayawa."

Mu'allim ya juya gwangwanin a haske, ya nuna mata inda allura ta riga ta yi rami.

"Ya khala," ya ce mata, wato inna da Larabci, "kakin nan ya gaji. In allura ta sake tsayawa nan, halas, za ta huda shi."

"To kada ta tsaya," ta ce, ta ja mayafinta ta fita.

Da na buɗe cikin akwatin sai ƙamshi ya buge ni. Ashe duk Juma'a Hajiya na shafa wa sandar turaren ud, don girmama uwarta. Turaren ya kama ƙura da gishirin iskar teku, ya zama kamar takardar guga, ya lashe haƙoran notin tas. Mu'allim ya shinshina ya ce bai taɓa ganin inji ya lalace cikin gata irin wannan ba.

Sandar kanta ƙarfe ce mai tauri, da na wanke ta da kananzir sai na ga zarenta da saura. Notin ne matsala. Na zaga Balad, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa, da kasuwar tsofaffin kaya, babu mai shi, kuma zaren ya fi ƙarfin duk abin yanka zare da muke da shi, siriri ne kamar gashi. Sai muka koma dabarar maƙera. Na kanga ƙarshen sandar, inda zare bai taɓa cin aiki ba, a kan fitilar kananzir har hayaƙi ya rufe shi baƙi, don kada narkakken ƙarfe ya manne. Na huda ɗan gida a tagulla, na narka dalma da kuza na zuba, na danna sandar a kai. Na farko ya fito da kumfa. Na gaba ya fito da haƙora reras, na goge gefensa da zarto, na ɗaura.

Dokar Mu'allim ce ba a gwada gyara a kan kayan da ba shi da madadi. Muka ari wani gwangwanin kiɗan Masar wurin wani dillali, muka yi ta sa shi har maƙwabcinmu mai shayi ya haddace. Allura ba ta yi tuntuɓe ba.

Hajiya ta zo bayan la'asar cikin tufafin biki, ta zauna a kan bencinmu mai maiƙo ba ta ko duba ba. Na wana akwatin, na sauke allura. Sai shuu, sai muryar wata yarinya ƙarama daga nesa tana rarrashin jaririya. Da muka iso ramin na zuba wa allurar ido. Allurar ta yi ƙas, ta tsallake, ta ci gaba.

Waƙar ta ƙare. Sai muryar ta sauko ƙasa ƙasa, kamar mai satar magana, ta ce, "Rakiya. Rakiyata." Wani namiji ya tuntsire da dariya a bayanta, ita kuma ta ce, "Wayyo, akwatin ya ji? Ku kashe shi, ku kashe shi!"

Hajiya ta dafe ƙirji tana dariya, hawaye na zuba.

"Kun ji ta ko? Munafuka, ashe ta iya."

Mu'allim ya juya baya yana neman wani abu a kan kanta.

"A sake, khala?" na tambaye ta daga baya.

"La, ya waladi, a'a ɗana. Ka bar shi ya huta, na ji."

Tun daga ranar na daina tambayar masu kawo gyara me ya lalace kawai, sai na fara da tambayar me suke so su ji. Ita dai da za ta fita Mu'allim ya ce, "Ma'assalama, Hajiya Kande." Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa daga yau Rakiya za a ce.